Tallafin ambaliya: na Musulmi ne kaɗai, ko na duk wanda ruwa ya ci?

Ɗan Gwange: Assalamu alaikum. Tun ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, gardamar nan take yawo a kwamitocin masallatai. In an tara kuɗi bayan Juma'a, Musulmi kaɗai za a ba, ko har da Kiristocin unguwa da baƙi? Wasu na cewa naka sai naka. Malamai, mene ne hukuncin, kuma yaya ake tsarawa?

Almajirin Zaure: Wa alaikumus salam. Rikicin daga haɗa zakka da sadaka a aljihu ɗaya yake farowa. Zakka tana da mutanenta takwas a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma jumhurun malamai sun tafi a kan cewa kason fakirai da miskinai na Musulmi ne, saboda hadisin Mu'azu da aka aika Yaman: a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Sadakar ganin dama ba ta da wannan katanga. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, kuma Annabi (SAW) ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sada zumunta da mahaifiyarta alhali mahaifiyar tana mushrika. Wanda ya shayar da kare ma an gafarta masa, balle ɗan Adam. Kuɗin da ake zagayawa da akwati bayan sanarwar ambaliya sadaka ne, sai fa in mai bayarwa ya ce zakkarsa ce.

Uwar Marayu: Malam ya gama da hukunci, saura aiki. A buɗe littafi biyu tun ranar karɓa, a tambayi kowa: zakka ce ko sadaka? In an cakuɗa, ba mai iya warewa daga baya, kuma nan zargi ke shiga.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne rubuta sunaye a ƙofar masallaci. Zawarawa, tsofaffi, marasa lafiya da Kiristoci duk ba sa cikin sahu, sai su faɗo daga lissafi ba tare da kowa ya yi nufi ba. A bi gida-gida da mai unguwa, da mata biyu masu shiga cikin gida, da wakilin coci. Abin da za a rubuta: yawan baki, yara ƙanana, mai ciki ko mai shayarwa, ko ɗaki ya rushe. A auna hatsi da yawan baki, don gida mai mutum 12 ba daidai yake da mai mutum 3 ba. Ruwa kuwa ma'aunin masu agaji lita 15 ne ga mutum a rana, kuma kwalara ba ta tambayar addini in ta shiga sansani. A ba da kati mai lamba, a bar ɗaukar hoton fuskokin mutane.

Baban Khalifa: Hajiya, na yarda, amma masu cewa a fara da na kusa ba su yi kuskure ba. A mazhabar Malikiyya ba a kai zakka nesa da tazarar ƙasaru, wajen kilomita 80, sai in na can sun fi buƙata. Sai dai kusancin nan na wuri ne, kuma a sadaka maƙwabcin da ke jikin katangarka na kusa ne ko da coci yake zuwa. In mai kuɗi ya gindaya sharaɗi, misali marayun makarantar allo, a cika masa, amana ce. In asusun sadaka ya yi kaɗan, a biya Musulmin da suka cancanta daga zakka, a bar sadakar ta isa ga sauran gidajen.