Kasuwar Sololá a Guwatamala: wace rana ya fi a je, kuma ta ina ake bi?

Matafiyi:
Assalamu alaikum jama'a. Ga mai kwana uku kacal a bakin Tafkin Atitlán, kuma yana son ya ga kasuwar mutanen Maya ('yan asalin ƙasar) ta ainihi, wanne ya fi tsakanin Sololá da Chichicastenango? In Sololá ce, wace rana take ci, kuma a can ake kwana ko a ƙasa, bakin tafkin? Sai batun abinci ga Musulmi. Masana a taimaka.

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam Malam. Kasuwar Sololá Talata da Juma'a take ci, ta Juma'a ce babba. Ta Chichicastenango kuwa Alhamis da Lahadi. Bambancinsu shi ne, Chichi ta saba da baƙi, rabin rumfunanta tsaraba ce aka jera don masu yawon buɗe ido. Sololá kasuwar 'yan gari ce: albasa ɗauri-ɗauri, wake baƙi, masara fara da ja da baƙa, kaji a kwando, zaren saƙa, tukwanen ƙasa. Harshen Kaqchikel, na mutanen Maya na yankin, za ka fi ji a bakin masu ciniki, Sifaniyanci na biye.

Kwana kam a Panajachel, garin da ke bakin tafkin, ya fi, can masaukai suke. Garin Sololá na bisa tudu, kusan mita 2,100 sama da teku, tafkin kuma wajen mita 1,560, wato tsakaninsu hawan sama da mita 500 ne cikin tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba. Bas na tashi daga babban titin Panajachel a kai a kai, minti 20 zuwa 30 ka isa. Tsofaffin motocin 'yan makaranta ne na Amurka da aka yi wa fenti kala-kala. Yaron mota na bi yana karɓar kuɗi bayan an tashi, don haka ka tanadi canji a hannu. In son samu ne ka zauna gefen hagu wajen hawa, nan tafkin yake bayyana da duwatsun aman wutarsa uku: San Pedro, Tolimán da Atitlán.

Ka fita da bakwai na safe. Kafin azahar ciniki ya fara lafawa, hazo kuma ya rufe duwatsun.

Hajiyar Kwari:
Ɗan Zango ya yi bayani, amma ni zan ce wa wanda bai saba da turmutsitsi ba ya zaɓi Talata. Ranar Juma'a lungunan kasuwar matsewa suke yi, ana ture juna da kaya a ka, kuma nan 'yan sane suke cin kasuwarsu. Jaka a gaba, waya a aljihun ciki, fasfo a bar shi a masauki a ɗauki kwafi. Kuɗinsu quetzal ne. A riƙe 'yan 5, 10 da 20, domin mai sayar da tumatir ba ta da canjin 100, kuma ba a karɓar kati.

Abin kallo a Sololá tufafi ne. A yawancin garuruwan ƙasar mata ne kawai suka riƙe kayan gargajiya, amma nan har maza, musamman dattawa: wando da riga na saƙi masu ratsi, sai wani mayafin ulu mai gida-gida da ake ɗaurawa a ƙugu bisa wandon, da 'yar kwat mai zanen jemage a baya, alamar tsohon gidan sarautar Kaqchikel. Mai sayen rigar mata da suke kira huipil ya juya cikinta. Saƙin hannu na masaƙar ɗaurin ƙugu ƙyallaye ne siraru biyu ko uku da aka haɗa da ɗinki, za a ga kan zare nan da can, yana da nauyi a hannu. Na inji sumul yake, ba nauyi. Ana tayi, amma ba irin na Chichi ba inda ake ninka farashi; nan ragi kaɗan ne, wanda ya taya rabin kuɗi ya ɓata wa mai kaya rai.

Hoto kuma, Malam, a kiyaye. A nemi izini tukuna, yara kuwa a bar su gaba ɗaya. A shekarar 2000 a Todos Santos, wani gari na tsaunukan ƙasar, jita-jitar satar yara ta sa jama'a suka kashe wani baƙo ɗan Japan da direban motar da ta kawo masu yawon buɗe idon.

Ɗan Zango:
Gaskiyarki Hajiya. Na manta batun abinci. Matsalar ba naman da ake gani ba ce kaɗai, kitsen alade ne, manteca. Ana cuɗa shi cikin ƙullun tamales da chuchitos (ƙullun masara da ake naɗewa a ganye a turara, kamar alala), wani lokaci da shi ake soya wake. Ko an ce na kaza ne, a tambaya: "¿Tiene manteca de cerdo?" (wato "Akwai kitsen alade a ciki?") Abin da ba shakka a kansa shi ne tortilla, masara ce da aka dafa da ruwan farar ƙasa aka niƙa, ana gasa ta a gabanka. Sai dafaffen ƙwai, avocado, gasasshiyar masara, ayaba, da atol de elote, wani kunun ɗanyar masara mai zafi da ke korar sanyin safe. Ruwan famfo ba a sha, sai na gora.

Mai Taswira:
Ƙari biyu. Damina daga Mayu zuwa Oktoba ce, ruwan yamma ake yi, kuma gangaren da ke tsakanin Sololá da Panajachel kan zaftare ya toshe hanya, don haka a tambaya a masauki kafin a fita. Wanda zai tsallaka tafkin a jirgin ruwa bayan kasuwa ya sauko da wuri, saboda iskar Xocomil na tayar da igiyar ruwa daga tsakar rana.

In tafiyar ta faɗa 15 ga Agusta, babban bikin garin ke nan, masauki sai an kama tun da wuri. A ɗauki rigar sanyi ko da an bar Panajachel da rana tsaka, iskar sama daban ce.