John Wayne: ya iya wasa ne, ko kansa kawai yake nunawa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana, na kuma san ba za ta yi wa manyanmu daɗi ba. John Wayne, jarumin fina-finan kaboyi na Amurka, bai iya wasa ba. Ya fito a fim fiye da 150, amma mutum ɗaya kake gani: tafiyar nan ta rangaji, jan magana, hula, doki. A sake masa suna, a sake masa riga, shi ne dai. Tun da The Big Trail na 1930 ya karye a kasuwa yake fama da ƙananan fina-finan kaboyi masu araha, sai a 1939 darakta John Ford ya tsamo shi ya sa shi a Stagecoach. Ford ne gwanin, shi kuwa ya ci albarkacinsa.

Malamin Sakandare: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka kalli Red River na 1948? Howard Hawks ne ya ba da umarni, babu hannun Ford a ciki. Wayne bai cika shekara 40 ba lokacin ɗaukarsa, amma ya fito a dattijo mai furfura, Tom Dunson, wanda ya koro garken shanu daga Texas zai kai kasuwa. A hanya tsoron asara ya mayar da shi azzalumi, har ya yi niyyar rataye yaran da suka gudu daga aikin. Ɗan riƙonsa ne ya ƙwace garken. Ka dubi wurin da aka bar shi jingine da doki, ga rauni a ƙafa, yana gaya wa yaron cewa zai biyo shi ya kashe shi. Bai ɗaga murya ba, ko kallon yaron bai cika yi ba. Wanda bai iya wasa ba ihu zai yi a wurin.

Ɗan Fagge: Malam, ban kalle shi ba. Amma fim ɗaya cikin 150? To The Conqueror na 1956 fa, inda aka shafa masa kwalli aka ce wai shi ne Genghis Khan, sarkin Mongol?

Malamin Sakandare: Wannan ba na kare shi, mummunan fim ne, bai kamata ya karɓi aikin ba. Amma a wannan shekarar ta 1956 The Searchers ya fito, kuma a kansa nake so mu tsaya.

Baba na Ƙofar Mata: Yara, ku bari in sa baki. Mu da muka kalli kaboyi a silimar Kano muna samari, ba Turancin muke ji ba. Silima ba rufi, ana zaune kan benci, mai gyaɗa na zagayawa. Da akta ya turo ƙofar mashaya ya tsaya, kafin ya ce uffan gidan ya kaure da tafi. Kai da kake cewa tafiya ce kawai, gwada ka riƙe mutum ɗari biyar da ba su jin harshenka da tafiya da kallo. Wannan ma baiwa ce, kuma ba kowa Allah ya ba ba.

Ɗan Damagaram: Gaskiyar Baba. Mu ma a Nijar haka abin ya kama matasa, har Moustapha Alassane ya yi fim a kai a 1966: saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauye. Shigar da tsayuwar aka kwaikwaya, ba labarin ba.

Hajiya 'Yar Zazzau: Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman afuwa, amma tafin nan shi ne abin da yake damuna. Wa ake tafa wa? Sojan doki ya iso yana busa ƙaho, yana harbe mutanen da aka zo aka tarar a ƙasarsu, mu kuma da Turawa suka ci ƙasarmu da bindiga muna murna. Kuma ba a fim abin ya tsaya ba. A hirarsa da mujallar Playboy a 1971, Wayne ya ce yana goyon bayan fifikon farar fata har sai baƙaƙe sun yi ilimin da za a ba su amana, ya kuma ce bai ga laifi ba a ƙwace ƙasar 'yan asalin Amurka, wai son kai ne ya sa suke riƙe ta. Saboda wannan hira jami'ar USC ta cire baje kolin kayansa a 2020. Ni ko ya iya wasa ko bai iya ba, wannan ya tsaya mini a rai.

Baba na Ƙofar Mata: 'Yata, ban musa miki ba. A lokacin ba wanda ya gaya mana su wane ne mutanen, mun ɗauka 'yan fashi ne. Da na san tarihin daga baya raina ya sosu.

Malamin Sakandare: Hajiya, maganarki ce ta kawo mu The Searchers. Ethan Edwards tsohon sojan Kudu ne, ɓangaren masu bayi a yaƙin basasar Amurka. Komanci, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka kashe iyalan ɗan'uwansa suka tafi da Debbie, 'yar ɗan'uwan nasa. Shekara biyar yana nemanta, sai a hankali mai kallo ya gane ba cetonta zai yi ba: kashe ta yake son yi, don ta zama matar Bakomance. Akwai inda suka tono gawar wani Bakomance, ya zaro bindiga ya harbe idanun gawar don kada ruhinsa ya sami hutu bisa imanin mutanensa. Akwai inda ya ga matan Turawa da aka ƙwato daga hannun Komanci, ya juyo a bakin ƙofa, kyamara ta matso fuskarsa, inuwar hula ta rufe rabin ido. Ƙiyayya ce zalla, ba kalma ko ɗaya. Jarumin da duk Amurka ke so ya yarda a nuna shi a haka. Mai kare sunansa kawai ba zai karɓi wannan matsayi ba.

Hajiya 'Yar Zazzau: Na kalle shi, Malam, kuma wurin ya tsorata ni. Amma wa ya fito a sarkin Komancin? Henry Brandon, haifaffen Jamus, aka shafa masa launi. 'Yan ƙabilar Nabaho na Monument Valley, inda aka ɗauki fim ɗin, aka jera su a baya a matsayin wata ƙabila dabam. Sannan ina tambaya: ƙiyayyar nan da ka yaba, wasa ce ya iya, ko abin da ke cikinsa ne ya fito?

Malamin Sakandare: Ko da yana cikinsa, fito da shi daidai gwargwado a gaban kyamara aiki ne. Masu irin ra'ayinsa sun cika Hollywood a lokacin, ba wanda ya yi Ethan. Ina yaba aikin, ba na wanke mutumin.

Ɗan Fagge: To na ji, zan nemi biyun in kalla. Amma Oscar ɗin da aka ba shi a 1970 kan True Grit ta tausayi ce. An cire masa huhu ɗaya a 1964 saboda ciwon daji, ya haura 60, aka ce a sallame shi. Dustin Hoffman da Jon Voight da Richard Burton da Peter O'Toole duk suna takara a shekarar.

Malamin Sakandare: A nan kusan bakinmu ɗaya. Ya cancanci kyautar, amma ba a kan wannan fim ba. Red River da The Searchers ko sunansa ba a sa a takara ba. Haka The Shootist na 1976, fim ɗinsa na ƙarshe, inda ya fito a tsohon ɗan bindiga da ciwon daji ke ci, shekara uku kafin cutar ta kashe Wayne kansa a 1979. Ƙanena, ka haɗa da shi ya zama uku, ka fara da Red River, ranar Juma'a ka dawo ka gaya mana ko mutum ɗaya ka gani.