Shin ya dace mu ba da saurarmu a shuka bini-da-zugu domin man mota?

Ɗan Sandamu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar dattawa da masana harkar noma. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana gona a yammacin Sandamu, kuma akwai ɓangarenta na jigawa da muka bari saura shekara uku ke nan, saboda geron da yake bayarwa ba ya mayar da kuɗin taki. A makon jiya wasu mutane suka zo da takarda suna neman hayar wurin na shekara goma, za su shuka bini-da-zugu su matse 'ya'yansa a yi man dizal. Yayana ya amince, yana cewa ƙasar da ba ta ciyar da kowa gara ta kawo kuɗi. Ni kuwa duk lokacin da na tambayi kuɗin tiyar gero a kasuwar Mai'aduwa sai jikina ya yi sanyi da wannan magana.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan kiran ba sabo ba ne. A 2007 gwamnatin tarayya ta fitar da manufar man tsirrai, wato man mota da ake samu daga shuke-shuke, aka ambaci rogo da rake da bini-da-zugu, kuma a wancan lokacin ana ta yayata cewa wannan itace yana yin albarka ko a kan fako. Abin da ya bayyana daga baya, daga Indiya har Tanzaniya, shi ne itacen yana rayuwa a busasshiyar ƙasa, amma rayuwa daban, yin 'ya'yan da za su biya wahala daban. Idan ana son amfani mai yawa sai an ba shi ruwa da taki, wato dai abin da gero da wake suke buƙata. Kamfanoni da dama sun tattara sun tafi, suka bar manoma da itacen da ba a cin 'ya'yansa saboda guba, dabba ma ba ta kusantarsa. Game da farashi kuwa, a tsadar abinci ta 2007 zuwa 2008, karkatar da masarar Amurka zuwa itanol, wato man da ake haɗawa da fetur, na cikin dalilan da aka lissafa, tare da tsadar fetur da fari, har Tarayyar Turai ta soke dokar da ke tilasta wa manomanta barin wani kaso na gonakinsu ya huta.

Hajiyar Ƙofar Sauri:
Ɗana, ina so ka gyara wa yayanka magana guda. Saura ba ta rasa wanda take ciyarwa. A gonarmu ta ƙauye, can awakinmu suke kiwo idan damina ta rufe ko'ina da shuka, can yara suke tsinko tafasa da yaɗiya, kuma idan Fulani suka sauka bayan kaka, kashin shanunsu ne yake tayar da ƙasar. Mu da muka tashi muka ga bini-da-zugu, a shinge muka san shi, ana tare dabbobi da shi, tsofaffi kuma suna yin sabulu da 'ya'yansa. Ban taɓa ganin an ba shi tsakiyar gona ba.

Direba Mai Daura–Kano:
Hajiya, Allah Ya ƙara girma, amma a yi mana adalci mu ma. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dakon buhu daga Dandume ko Funtuwa ya shiga cikin kuɗin kowace tiya, saboda haka tsadar mai ita ma tsadar abinci ce. Birazil ta fara haɗa man rake da fetur gadan-gadan tun 1975, kuma ba ta daina noman abinci ba. Sannan manyan gonakin da suke kwance a jiharmu suna wajen Batsari da Safana da Faskari ne, inda tsoron 'yan bindiga ya hana manoma zuwa, ba man tsirrai ba.

Ɗan Sandamu:
Na gode ƙwarai. Na sake duba takardar a daren jiya, kuma babu inda aka rubuta wanda zai tumɓuke itatuwan idan suka fasa kafin wa'adi. Zan kai wa Yaya wannan batu a gaban mai unguwa ranar Juma'a, tare da shawarar a ba su shinge kawai, mu gwada wake a cikin saurar bana.