Passat TDI in na taka totur sai ta yi jinkiri kafin ta amsa, lalacewa ce ko haka suke?

Abu_Passat:
Assalamu alaikum 'yan uwa masana mota, dan Allah a taimaka min da shawara. Ina da Passat B5 1.9 TDI, wato mai gas da tobo, ta 1998 mai giyar hannu, injin AFN ne mai doki 110, 'yar Kwatano ce amma ta kwana biyu a hannuna. Matsalarta in na tashi daga tsaye ko na rage gudu a shataletale ina giya biyu sai na taka, motar sai ta yi shiru kamar ba ita na taka ba, sai allurar juyin injin ta haye 2000 sannan ta zabura gaba ɗaya, a danja wlh har masu adaidaita sahu barina suke yi. Kuma kwanan nan ta ƙaro wani hali, a babbar hanya in zan wuce tirela a giya huɗu sai ƙarfin ya ɗauke gaba ɗaya, in na faka na kashe na sake tayarwa sai ta dawo daidai. Bakanikena ya ce tobo ne ya mutu a sayo wani, wani ya ce wayar totur ce ta saki a ɗaure ta, wani kuma ya ce a cire famfon gas a kai wajen masu saitin nozul. Wanne zan kama?

Mai_Gyaran_Gas:
Wa alaikumus salam. Malam Abu wanda ya ce maka a ɗaure wayar totur bai ma leƙa motar ba, TDI ba ta da wannan wayar sam, sensa ce a jikin abin takawar take gaya wa kwamfutar mota iya nawa ka taka, ita kuma kwamfutar ta ba famfo umarni. Kuma mai gas ba kamar mai fetur ba ce da totur yake buɗe wa iska hanya, a nan gas kake nema da ƙafarka, kwamfutar kuma ba za ta ba ka ba sai ta ga iskar da za ta ƙone shi, in ba haka ba baƙin hayaƙi kawai za ka yi ta zubarwa. Iskar nan tobo ne yake turo ta, shi kuma tobo hayaƙin salansa ne yake juya shi, to a ƙasa da 1500 hayaƙin bai da ƙarfin kirki. Shi ya sa ko tana sabuwa akwai ɗan jinkiri, injin nan cikakken ƙarfinsa a wajen 1900 yake zuwa. Amma ɗan jinkiri fa na ce, naka ya wuce haka.

Ni in motar tana gabana ba zan taɓa famfo ba tukunna. Ka fara da iya kilina, musamman in ta sha ƙurar hunturu, da filtar gas, don gas ɗin bakin hanya wani har da ruwa da kananzir a ciki. Sannan ƙananan tiyo ɗin nan na bakum masu kaurin biro, mota ta haura shekara ashirin da biyar robar ta bushe, wani tsagin ba ka ganinsa sai ka lanƙwasa tiyon. Su ne suke zuwa bawul ɗin N75, wanda kwamfuta take sarrafa tobo da shi, daga nan su tafi gwangwanin da yake jikin tobo. Ka canza su duka ɗaya bayan ɗaya kada ka rikita su, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Bayan nan ka gwada sensar iska da take bayan akwatin iya kilina. Ka kashe mota ka zare soket ɗinta ka zaga unguwa, in ka ji motar ta fi amsawa to sensar ce take yi wa kwamfuta ƙaryar iska kaɗan ce take shiga, ita kuma sai ta matse gas.

Maganar ɗaukewar ƙarfi kuwa ba mutuwar tobo ba ce yawanci. Na AFN yana da wasu ƙananan fikafikai a ciki masu buɗewa da rufewa, in baƙin hayaƙi ya daskare musu sai su maƙale, iska ta yi yawa fiye da abin da kwamfuta ta nema, sai ta yanke ƙarfi don ta kare injin, in ka kashe ka tayar ta sake ba ka dama. Mota tana tsaye tana aiki ka zare tiyon gwangwanin ka kalli sandarsa da take motsa fikafikan, ya kamata ta tafi sumul wajen santimita ɗaya, in ka mayar ta dawo. In tana tafiya da ƙyar ko tana tsayawa a rabi to wanki yake so.

Dan_Maradi77:
Salam. Mu nan motocin gazuwal sun fi yawa a wajenmu, kuma gaskiya mai gyara ya faɗi magana, amma ni EGR nake zargi. Wannan abin da yake mayar da hayaƙi cikin injin saboda dokar Turai, hayaƙin ya haɗu da tururin baƙin mai ya zama kwalta a cikin manifol, na ga wadda aka buɗe ramin da ya rage da ƙyar babban yatsa yake shiga, mota tana numfashi kamar mai mura. A cire a ƙanƙare a wanke, mu har toshe shi muke yi da faranti a huta.

Ni tawa Peugeot 405 ce 1.9 mai tobo, ita tana da wayar totur ta gaske, in ta saki sai ka taka kusan rabi ba abin da ya motsa. Kuma a saman famfonta akwai wani murfi da tiyo yake shiga, shi yake ƙara gazuwal in tobo ya fara turi, ranar da tiyon ya tsage mota ta zama jaka, irinsa ne a tsohuwar Hilux mai 2L-T. Wataƙila irin waɗannan bakaniken ya saba da su shi ya sa ya ce waya.

Abu_Passat:
Allah ya saka da alheri. Oga na zare soket ɗin yau da safe kuma wlh ta fi tashi nesa ba kusa ba, tiyo guda kuma na same shi a tsage daidai bakin N75. To sensar in wanke ta da fetur ko sai sabuwa? Kuma wani abokina yana ta zuga ni in sayi ɗan akwatin nan da ake jonawa a totur, wai motarsa ta zama wata iri.

Hajiya_Golf4:
Akwatin nan kada ka ɓata kuɗinka Malam. Siginar ƙafarka kawai yake ƙarawa, ka taka kwata ya ce wa kwamfuta ka taka rabi, doki ko ɗaya bai ƙaru ba kuma jinkirin tobo yana nan. Ni tawa Golf 4 ce, abin da ya wahalar da mu ashe suwic ɗin birki ne, kwamfuta tana ganin kamar ƙafata tana kan birki sai ta hana gas, fitilar hita ta yi ta ƙiftawa a dashbod. Ka duba ko taka tana yi. Sannan ku maza ku rage jefa giya biyar mota tana tafiyar hawainiya wai tsimin mai, shi yake tara baƙin nan a tobo.

Mai_Gyaran_Gas:
Fetur kuma? A'a Malam Abu, kashe ta za ka ƙarasa yi. In ta gaji ta gaji, ka nemi mai lamba iri ɗaya da wadda take jiki, Pierburg ko Bosch duk wadda ka gani a rubuce, gara ka samu ta Beljiyam mai kyau da sabuwar kwali marar suna, waɗannan wata daga ranar farko ma ƙarya take yi. Kuma kada ka yi ta yawo da soket a zare don ka ji daɗinta, gwaji ne kawai.

Ɗan'uwa na Maraɗi wanki na yarda da shi ɗari bisa ɗari, toshewa dai ni ba na yi wa mutane sai sun matsa. In za a ƙanƙare manifol a tabbata an cire shi daga jikin injin, kada dattin ya faɗa ciki. Bayan ka sa sensa ka je wajen mai kwamfutar VAG-COM, wadda ake duba motocin Volkswagen da ita, ya shiga tare da kai ku hau titi, ya buɗe rukuni na 003 ku ga iskar da ake nema da wadda take shiga, sai 011 na tobo, ka take ta sosai a giya uku daga 1500 zuwa 3000. In kwamfutar ta nuna lamba 00575, ta matsalar ƙarfin iskar tobo, kuma ta sake fitowa bayan an goge to sai a sauke tobon a wanke fikafikan, ka tsaya a wajen kuma ka ce kada kowa ya taɓa goron sandar gwangwanin nan don saitin kamfani ne.