Neman kalmar Hausa: me za mu kira “sovereignty” na Allah a darasin mala'iku?

Rifkatu: 'Yan'uwa, ana shirya darasi a kan mala'iku da yadda Allah yake mulkin 'yan Adam, kalmar Turanci “sovereignty” ta tsaya mana a wuya. Wasu sun ce “iko”, wasu “Mulkin Allah”, wasu “ƙaddara”. Wacce ta fi?

Malam Ishaya: 'Yar'uwa, a fara da cire biyu. “Mulkin Allah” ya riga ya zama sunan abin da Yesu ya yi wa'azinsa a Markus 1:15, in aka ɗora masa wani kaya mai karatu zai rikice. “Iko” shi kaɗai kuma ya yi faɗi, domin dagaci ma yana da iko, mala'ika ma haka. Helenanci ya raba dunamis, wato ƙarfin aikatawa, da exousia, wato izini ko hurumi. Abin da muke nema ya wuce dukansu: ikon wanda ba a ba shi ba, ba kuma wanda zai tambaye shi dalili, kamar yadda Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya amsa da bakinsa a Daniyel 4:35.

Bitrus: Malam, “diyauci” fa? Da shi ake fassara kalmar a labaran siyasa.

Malam Ishaya: Diyauci na wanda zai iya shiga bauta ne ya kuɓuta. Bai dace da Mahalicci ba.

Pasto Ayuba: Ƙaddara ce nake roƙo a yi hattara da ita. A bakin mutane tana nufin abin da ya faɗa wa mutum ba makawa, har a ce ba laifin kowa. Amma a Farawa 50:20 Yusufu ya ce 'yan'uwansa sun nufi mugunta, Allah kuwa ya nufi alheri, aiki ɗaya, nufi biyu, laifin kuma bai tashi daga kansu ba. Haka manzo Bitrus ya yi a Ayyukan Manzanni 2:23, ya ce mutuwar Yesu shirin Allah ce, a numfashi guda kuma ya ɗora alhakin a kan masu yi. Ban da wannan, mabiya malaman tauhidi Calvin da Arminius sun yi ta jayayya da juna a kan zaɓe, wato yadda Allah yake zaɓen waɗanda za su sami ceto, tun kafin taron ikkilisiya na Dort na 1618 zuwa 1619, alhali dukansu sun yarda Allah ne mai mulkin kome. In muka sa “ƙaddara”, kalmar ta yanke hukunci tun ba a buɗe darasi ba. A bar ta ga batun zaɓe. Shawarata “ikon mallaka”. A Ayyukan Manzanni 4:24 masu bi sun kira Allah da despotes, wato maigidan da ya mallaki gida da abin da ke cikinsa, nan take kuma suka ambaci halittar sama da ƙasa da teku. Ya yi, saboda haka nasa ne.

Rifkatu: Baba Pasto, ba za a ji kamar mulkin mallaka na Turawa ba?

Pasto Ayuba: 'Yata, shi ya sa ba za a taɓa rubuta “mulkin mallaka” ba. Wancan ƙwacen abin wani ne. A wurin farko da kalmar ta fito a sa bayani na layi ɗaya: ikon Mahalicci a kan abin da ya halitta. In ana bukatar suna, a ce “Mamallaki”.

Malam Ishaya: Amfaninta zai fito sosai in an zo kan mala'iku. Mal'akh na Ibrananci da angelos na Helenanci duk ma'anarsu ɗan aike, sunan aiki ne. Kada kamannin sauti ya sa a koyar cewa “mala'ika” daga “mulki” yake, tushen kalmar Ibranancin aike ne. Sai mu ce nasu “ikon aike”: an ba su, an yi masa iyaka, ana iya tsayar da shi. A 2 Sama'ila 24:16 mala'ika ya miƙa hannu a kan Urushalima, Ubangiji ya ce ya isa, ya tsaya. Shaiɗan ma a Ayuba 1:12 an bar masa dukiyar Ayuba aka hana shi jikinsa, a 2:6 aka bar masa jikin aka hana shi ransa. Ibraniyawa 1:14 ta kira su ruhohi masu hidima saboda magādan ceto, a Wahayin Yahaya 22:9 kuma mala'ikan da kansa ya hana a yi masa sujada. Inda malamai suke tuntuɓe shi ne Kolosiyawa 1:16, da ta ambaci kursiyai da sarautu da masu iko. In duk “iko” ne, ɗalibi zai ɗauka an raba mulkin duniya tsakanin Allah da ruhohi, alhali ayar cewa take an halicce su ta wurin Almasihu, dominsa kuma.

Rifkatu: To, “ikon mallaka” ga Allah, “ikon aike” ga mala'iku, “ƙaddara” a ajiye wa darasin Romawa 8 da 9. Na gode, Baba, na gode, Malam.