Inda za a ajiye famfon ɗiga magani a tankin kifin ado: abin da aka tattauna

'Yan'uwa masu kiwon kifin ado a Gombe, na tattaro abin da aka faɗa a tattaunawarmu kan inda ya dace a ajiye famfon ɗiga magani, tunda zancen ya yi tsawo. Famfon ƙaramin inji ne da ke zuƙo magani ko takin tsirran tanki daga kwalba, ya ɗiga shi cikin tanki ta tiyo.

1. Kowa ya yarda bakin tiyo ya tsaya sama da ruwa, kada ya nutse. In ya nutse, ruwan tanki na iya komowa cikin kwalba idan famfo ya tsaya. A ɗaure shi da maƙali sosai. Wani ya ce tiyonsa ya zame cikin dare, da safe ya tarar da takin tsirrai ya malale a kan tayil.

2. Kwalbar magani ta zauna ƙasa da bakin tiyo. In tana sama, kuma robar cikin famfo ta saki, maganin zai zuƙo da kansa har ya ƙare a kan kifin.

3. Wuta: soket nesa da fantsamar ruwa, a bar waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon ruwa ya sauka a ƙasa.

4. Takin tsirrai mai sinadarin ƙarfe da mai sinadarin fosfet kada su ɗiga wuri ɗaya lokaci ɗaya, suna haɗuwa su daskare.

Inda aka rabu: wasu sun fi son famfo cikin kabad ƙarƙashin tanki saboda yara da ƙurar hunturu, wasu suka ce laima da zafin watan Afrilu na taruwa a ciki, gara kan shelf. Ni dai na fi karkata ga kabad mai ƙofar iska.

An kuma tuna: bayan ɗauke wuta, a duba agogon famfon, wato mai tsara lokacin ɗigar magani.