Na'urar sanyaya ɗaki ta taga: wane girma ya dace da ɗakuna uku mabambanta?

Maigida daga Sakkwato ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar na'urar sanyaya ɗaki, wato esi, musamman irin wadda ake kafawa a taga ko a ramin bango. Na kammala gyaran gidanmu a nan Sakkwato, kuma ina so in kafa na'urorin kafin watan Maris ya kama, domin duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da ake sha daga lokacin har zuwa saukar ruwan farko. Na zaɓi ta taga ne saboda magini ya bar ramuka a bango tun lokacin gini, kuma kuɗinta da ladan kafa ta sun fi na sifilit, wato mai kashi biyu, ɗaya a cikin ɗaki ɗaya a waje, sauƙi.

Ɗakunan guda uku ne. Na farko shi ne ɗakin mahaifiyata, ƙafa 10 da 12, yana ɓangaren gabas, kuma akwai bishiyar darbejiya da ke yi masa inuwa. Na biyu ɗakin kwanana ne, ƙafa 14 da 14. Na uku falo ne, ƙafa 15 da 20, mai manyan tagogi biyu da ke kallon yamma, kuma da daddare ba a rasa mutum shida ko bakwai a cikinsa. Rufin gidan duka kwano ne da silin.

Da na je kasuwa, mai shagon ya ce in ɗauki mai ƙarfin doki biyu guda uku in huta, wai babba ba ta ba da kunya. Wani abokina kuma ya nuna mini wani jadawali a intanet wanda ya nuna cewa ko falon ma doki ɗaya ya ishe shi. Tazarar da ke tsakanin maganganun biyu ta yi yawa, shi ya sa na kawo batun nan kafin in fitar da kuɗi.

Mai gyaran firij da esi daga Kano ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na daɗe a wannan sana'a, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne kada ka ɗauki ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu yadda take. Mai shago yana so ya sayar da babba, jadawalin abokinka kuma ba don irin zafinmu aka tsara shi ba.

Kalmar doki da muke amfani da ita a kasuwa suna ne kawai na ciniki. Ainihin ma'aunin sanyaya shi ne lambar BTU da ke rubuce a jikin takardar da aka manna a gefen na'urar. A yadda aka saba a kasuwarmu, doki ɗaya yana nufin kimanin BTU 9,000 a awa, doki ɗaya da rabi 12,000, doki biyu kuma 18,000. Ka duba takardar da idonka, domin akwai na'urorin da ake kira doki ɗaya da rabi a baki alhali lambar da ke jikinsu ba ta kai ba.

Lissafin da ni nake yi wa gidajen da nake yi wa aiki shi ne BTU 600 a kan kowane murabba'in mita, idan rufin kwano ne mai silin kuma tsayin ɗakin bai wuce yadda aka saba ba. Ɗakin Hajiya murabba'in mita 11 ne da ɗoriya, wato wajen BTU 6,700, don haka doki ɗaya ya ishe shi har da rara, tun da ba kasafai ake samun abin da ya gaza haka a kasuwa ba. Ɗakinka murabba'in mita 18 ne, lissafinsa ya kusa 11,000, nan doki ɗaya da rabi ne ya dace. Falon kuwa murabba'in mita 28 ne, wanda ya kai kusan 17,000 tun kafin a yi maganar rana da jama'a, saboda haka shi kaɗai ne ya cancanci doki biyu.

Mutane da yawa ba su yarda cewa na'ura tana iya yi wa ɗaki girma ba, amma ina ganin illar hakan a kullum. Idan ka sanya doki biyu a ɗakin Hajiya, cikin 'yan mintuna iskar da ke kusa da na'urar za ta yi sanyi, kwamfiresa, wato injin da ke samar da sanyin, ya mutu, bango da silin kuwa suna nan da zafinsu, sai ya sake tashi ba da jimawa ba. Wannan tashi da mutuwa a kai a kai shi ke gajiyar da kwamfiresa da kafasita, kuma a lokacin tashi ne na'urar ta fi jan wuta. Da damina kuma, wajen watan Agusta, sai ka tarar ɗakin ya yi sanyi amma jiki yana danƙo, saboda na'urar ba ta yi aiki na tsawon lokacin da za ta tsotse laimar da ke cikin iska ba. Ƙaramar na'ura a babban ɗaki ita ma tana da tata matsalar, domin kwamfiresa ba zai huta ba ko na minti ɗaya, mita tana gudu, mutane suna gumi.

Injiniyan lantarki daga Kaduna ya amsa:

Na yarda da girman da Malam mai gyara ya zaɓa wa ɗakunan, amma ina so in yi wa jadawalin abokin Alhaji adalci, domin ba ƙarya ya yi ba. Irin waɗannan jadawalai yawancinsu daga Amurka suke, inda shirin tsimin wuta na Energy Star yake ba da shawarar BTU 5,000 ga ɗaki mai murabba'in ƙafa 100 zuwa 150, da 8,000 ga mai 300 zuwa 350. Shirin ya kuma ce a ƙara kashi 10 cikin ɗari idan rana tana dukan ɗakin, a rage kashi 10 idan yana cikin inuwa sosai, a ƙara 600 a kan kowane mutum idan mazauna ɗakin sun wuce biyu, sannan a ƙara 4,000 idan kicin ne. Ko da wannan lissafin aka bi, falon Alhaji mai murabba'in ƙafa 300 zai tashi daga 8,000 zuwa 8,800 saboda rana, mutum huɗu na ƙari su kawo 2,400, jimilla 11,200. Ke nan ko a Amurka doki ɗaya bai ishe shi ba. Abokin naka layin farko na jadawalin ya karanta ya tsaya.

Abin da ya raba mu da su shi ne gini da yanayi. Gidajensu suna da abin tare zafi a cikin bango da rufi, mu kuwa bulo ne da kwano, kuma bulon da ya wuni yana shan ranar yamma yakan ci gaba da fitar da zafi har tsakar dare. Sannan akwai wani abu da ba a cika faɗa wa mai saye ba. Lambar BTU da ke jikin yawancin na'urori an auna ta ne a yanayin da ake kira T1, wato lokacin da zafin waje yake digiri 35. A Sakkwato kuwa zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 da rana, kuma duk yadda zafin waje ya ƙaru, haka sanyin da na'urar ke iya bayarwa yake raguwa, wutar da take ja tana ƙaruwa. Akwai na'urorin da aka auna a yanayin T3, wato digiri 46, waɗanda aka ƙera don ƙasashe irin na yankin Larabawa. Idan ka samu mai wannan alamar, ko da ta ɗan fi tsada, ita zan ba ka shawarar ka saya wa falon.

Inda nake ganin za ka fi shan wahala shi ne wutar da za ta ɗauki na'urorin. Irin wadda ba inbata ba, wato wadda kwamfiresanta ba ya rage gudu sai dai ya tashi ko ya mutu, mai doki ɗaya tana jan wajen wat 900, mai ɗaya da rabi wajen 1,200, mai biyu kuma wajen 1,800. Idan ka kunna su tare ka doshi wat 4,000, ban da firij da famfon ruwa da fitilu, kuma a daƙiƙar da kwamfiresa zai tashi yakan ja ninki uku ko fiye na abin da yake ja yana tafiya. Janaretan gida mai kVA 3 ko 3.5 ba zai ɗauki ukun ba, har ma mai doki biyun kaɗai tana iya durƙusar da shi idan akwai wasu kaya a kai. Da ka bi shawarar mai shago, da kana neman fiye da wat 5,000.

Batun kuɗin wuta ma abin lissafi ne. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta sanar da naira 225 a kan kowane yunit ga masu rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta. Da wannan farashin, mai doki ɗaya da rabi da ta kwana awa 8 kwamfiresa bai huta ba za ta ci yunit 9.6, wato naira 2,160 a dare guda. Ka duba rukunin da unguwarku take da farashin da ake cajin ku yanzu, ka yi irin wannan lissafin ga kowace na'ura. Kowace kuma a ja mata layinta daga akwatin rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe ta gaske da makunninta, kada a haɗa ta da soket ɗin talabijin. Idan wutar unguwarku tana yawan yin ƙasa, sitabilaiza ko na'urar kariya mai jinkirta kunnawa ta zama dole, domin kwamfiresa yana bukatar kimanin minti uku bayan ya mutu kafin a sake tayar da shi, wutarmu kuwa ba ta jiran kowa idan za ta ɗauke ta dawo.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni maganata a kan ɗakin Hajiya ce kawai, domin na yi jinyar tawa mahaifiyar shekaru, kuma na ga yadda tsofaffi suke da na'urar nan. Ta taga tana da ƙara, tun da injinta duka a cikin akwati ɗaya yake, kuma girmanta shi ne girman ƙararta, ga shi barcin tsoho ba ya da nauyi. Alhaji, ka tsaya a kan doki ɗaya, kuma ka duba inda magini ya bar ramin. Idan yana saitin gado ne, to a juya gadon, domin iska mai sanyi da ke sauka kai tsaye a kan gwiwa da ƙafa ita ce ke sa su ce a kashe musu abin nan, daga nan kuma ba za su sake yarda a kunna ba. Mu a kan digiri 26 muke barin tata, tare da fankar sama tana juyawa a hankali, kuma hakan ya fi yi mata daɗi a kan sanyi mai tsanani.

A nan wajenmu gidaje da yawa suna amfani da irin na'urar da ake zuba wa ruwa tana huro iska mai laima. Da bazara, lokacin da iska take a bushe, tana aiki sosai kuma wutar da take ci kaɗan ce, har sola tana ɗaukar ta. Da zarar damina ta kankama amfaninta ya ragu. Ban ce ta maye gurbin esi ba, amma tana da rana a daren da babu wuta.

Mai gyaran firij da esi daga Kano ya sake amsawa:

Malama ta tuna mini da ramukan. Alhaji, ka auna su kafin ka je kasuwa, domin akwatin doki biyu ya fi na doki ɗaya faɗi da tsayi, kuma magina sukan bar rami iri ɗaya a kowane ɗaki. Na'urar taga tana shaƙar iska ta ramukan da ke gefenta na waje tana fitar da zafi ta baya, don haka idan kaurin bango ya rufe ramukan gefen, ko bayanta yana kallon wani matsattsen lungu, zafin da ta fitar shi za ta sake shaƙa, kuma ko doki nawa ce ba za ta yi sanyi ba. A ɗan karkatar da ita waje kaɗan don ruwa ya zuba can, a toshe gefe da gefe da soso ko katako, a yi wa bayan ta falon rumfa daga sama ba tare da an toshe mata iska ba. Maƙeri kuma ya yi kejin ƙarfen da zai kare ta da sarari.

Idan aka yi maka tayin ta hannu, ka duba irin gas ɗinta. Tsofaffin suna amfani da R22, wanda ake janyewa daga kasuwa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987, sababbin kuwa R410A ko R32 ne. Da hunturu kuma, ko ba ka kunna ta, ƙura tana cika ta, saboda haka a wanke ragar gaba duk bayan mako biyu idan ana amfani da ita, a kuma wanke na'urar gaba ɗaya kafin zafi ya shigo.

Maigida daga Sakkwato ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Na auna ramukan jiya da yamma kamar yadda Malam ya ce, sai na tarar duka ukun girman doki ɗaya da rabi ne, don haka na falon sai an fasa an ƙara shi, na ɗakin Hajiya kuma sai an rage shi da katako. Ramin ɗakin nata yana saitin gado, mun riga mun juya gadon zuwa bangon kudu. Janaretana kVA 3.5 ne, saboda haka na yanke shawarar in fara da guda biyu, doki ɗaya a ɗakin Hajiya da ɗaya da rabi a nawa, falon kuma in sanya masa labule masu kauri da rumfa a tagogin yamma, in jira in ga yadda wutar unguwarmu za ta kasance a watan Afrilu. Injiniya, idan na ɗora ta ɗakin Hajiya kaɗai a kan janareta tare da firij da fitilu, wanne ya kamata in fara kunnawa?

Injiniyan lantarki daga Kaduna ya amsa:

Ka bar janaretan ya yi minti ɗaya ko biyu yana tafiya babu kaya, sannan ka fara da esi tun da ita ce ta fi jan wuta wajen tashi. Idan ka ji kwamfiresa ya kama kuma ƙarar janaretan ta daidaita, sai ka kunna firij, fitilu su zo daga ƙarshe. Famfon ruwa da dutsen guga kuwa a bar su sai an kashe esin.